Yadda na hana a-kori-kurata tangaɗi da ɗakin kwana a baya

Da zarar na ɗora ɗakin kwana na tafi-da-gidanka a bayan a-kori-kurata, sai baya ya zauna, gaba ya ɗaga, fitilu su riƙa haska sama. A kwanar hanya kuwa, ko idan tirela ta wuce ni, motar sai ta yi ta tangaɗi.

Kan sikeli na fara hawa da cikakken lodi, har da ruwa da tukunyar gas, na auna gaba daban, baya daban, na gwada da lambobin iyakar nauyi da ke jikin takardar da kamfani ya manna a ƙofar direba. Wannan na fi so kowa ya riƙe: babu sifirin ko jakar iska mai tallafa wa sifirin da ke ƙara nauyin da kamfani ya ƙayyade wa mota. Nawa bai wuce iyaka ba, tayoyin baya ma za su ɗauka.

Da na leƙa ƙasa, sai na ga sifirin taimako na sama, wanda ba ya kama aiki sai lodi ya yi nauyi, bai ma taɓa robarsa ba, akwai tazarar kusan yatsa biyu. Na sa roba mai kauri, sifirin ya soma ɗaukar kaya da wuri. Zaman bayan ya ragu sosai.

Tangaɗin kuma lodin da ya yi tsawo sama ne ke jawo shi, sandar hana tangaɗi mai kauri a baya da sababbin shokozoba suka kashe shi. Jakunkunan iska na sa daga ƙarshe, kowacce da nata layin iska, don kada iska ta gudu ɗaya gefen a kwana. Kaɗan nake hura musu, domin idan ta yi yawa tana ɗage motar daga kan sifirin, tangaɗin ya dawo.