Darasi na 7: Idan Uwa Ta Tambayi Salula Game da Girman Ɗanta

Wata ɗalibar ajinmu na yaƙi da jahilci, mazauniyar unguwar Birni a Damagaram, ta zo wata rana idanunta jawur saboda rashin barci. Ɗanta ya cika wata bakwai bai fara zama ba, alhali ɗan maƙwabciyarta da aka yi sunansu mako guda tuni yana zaune bisa tabarma yana wasa da ludayi. Da dare ta sa ƙanen mijinta ya rubuta matsalar da Faransanci a Google, sai sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa da na jijiya suka yi ta fitowa. Ta ce mini: "Malama, tun jiya ko tuwo na kasa haɗiyewa."

Ba ta yi laifi ba da ta nemi sani. Sai dai intanet ba ta ga yaron ba, ba ta ɗaga shi ta ji nauyinsa ba, ba ta kuma san ko ya yi fama da zawo a watan jiya ba. Abin da take yi shi ne ta tattaro shafukan da ke ɗauke da kalmomin da aka rubuta, ta haɗa ƙaramar matsala da babban ciwon da ba kasafai ake samunsa ba, ta bar uwa ta zaɓa, kuma zuciyar da ke cikin tsoro mafi muni take zaɓa.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara masu lafiya a ƙasashe biyar, ciki har da Gana. An ga cewa yaro kan zauna da kansa tsakanin wata 4 zuwa wata 9, ya yi tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Wasu ma ba su yi rarrafe ba sam, daga jan gindi suka miƙe. Ke nan ɗan ɗalibarmu yana cikin lokacinsa, ɗan maƙwabciya kuma ba ma'auni ba ne. Idan kuwa yaro bakwaini ne, sai a cire makonnin da suka rage masa a ciki kafin a ƙirga watanninsa. Wannan lissafi iyaye da yawa suna manta shi.

Amma akwai abin da ba a jira a kansa, kuma ina so a riƙe wannan da kyau, domin kalmar "zai yi, a bar shi" ta sha jinkirta yaran da ke bukatar taimako. Idan jariri ya kai wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ko ba ya firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ko ya cika wata tara bai zauna ba, ko wata goma sha takwas bai taka ba, a kai shi a duba. Haka nan idan ya daina abin da ya riga ya iya, kamar gwaranci ko zama. Zazzaɓi mai zafi, jijjiga da ƙin kama nono kuwa, ko da tsakar dare ne kada a tsaya latsa waya, a kai shi asibiti.

Wurin da ya dace a fara zuwa shi ne CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ranar awo, tare da karnen yaro, wato littafinsa na lafiya. A can za a auna nauyinsa, a ɗaura masa ma'aunin dantse mai launi uku: ja yana nuna tamowa mai tsanani, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, kuma tamowa kanta tana jinkirta zama da tafiya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Idan ma'aikaciyar ta ga abin ya fi ƙarfinta, ita za ta tura ku babban asibitin Damagaram.

Aikin wannan mako: kowace ɗaliba ta rubuta a littafinta watannin ɗanta da lambobi, da abubuwa uku da ta gani da idonta yana yi, da abu ɗaya da ke damunta. Wannan takarda za ta karanta wa ma'aikaciyar lafiya ranar awo mai zuwa.