Kafin ka biya kuɗin fom ɗin PhD, duba ko ka cancanci tallafin

Kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar ko ta WhatsApp, "Malam na ƙare mastas ina son digiri na uku amma wallahi ba hali." Kwanaki wani ƙanena daga unguwar Mabera nan Sakkwato ya zo har gida da fayil ɗinshi, ya riga ya biya kuɗin fom na jami'o'i huɗu a waje, da munka zauna munka duba sai ga shi uku daga ciki tallafin da yake hange ba a ma ba ɗan Najeriya. Kuɗin da ya sai da babur ya haɗa ke nan sun tahi. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani ko wani ya tsira da nashi.

Ƙofofin kuɗin PhD, wato digiri na uku, manya biyu ne. Ta farko feloshif, wanda mu nan duk sikolashif muke ce mishi: a biya maka makaranta, a ba ka alawus duk wata, aikinka karatu da bincike kawai. Ta biyu aikin mataimakin malami, wanda a Amurka da Kanada ake kira TA, a yahe maka kuɗin makaranta a biya ka albashi kai kuma ka riƙa koyar da 'yan ajin farko, kana makin takardu, kana tsayawa da su a lab. Akwai ƙanwarta RA, wato mataimakin bincike, inda farfesa ke biyanka daga kuɗin bincikenshi. Kowacce da irin mutumin da take nema, kuma mafi yawan wahalar da yaranmu ke sha ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba ce.

Don haka duk tallan da ka gani, kada ka fara da duba nawa ake biya, gangara wurin da anka rubuta wa ya cancanta. Fara da ƙasa. Babban feloshif na hukumar NSF mai tallafa ma binciken kimiyya a Amurka na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, komin kyawun sakamakonka ba ka ciki. A Ingila kuɗin UKRI, hukumar gwamnati mai tallafa ma bincike, tun 2021 ana ba baƙi, amma ba su wuce kashi 30 cikin 100 na guraben, kenan gasar da zahi. Sai matakin digiri. Commonwealth, tallafin gwamnatin Birtaniya, na son tu-wan, wato matakin da ke bin fas kilas a digirin farko, amma in tu-tu na ƙasa da shi gare ka kuma kana da mastas ana karɓa, kuma a nan gida ta hannun hukumar sikolashif ta tarayya da ke Abuja yawanci ake bi, ba kai tsaye kawai ba. DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ita kuma tana duba shekarun digirinka na ƙarshe, galibi kada ya wuce shekara 6 da kammalawa, to wanda ya aje mastas shina jiran lokaci ya sani lokacin na cinye mishi dama. PTDF, asusun bunƙasa fasahar mai na gwamnatin tarayya, sai fanninka ya shafi mai da gas da makamashi kuma sai da takardar bautar ƙasa. Masu kimiyya da injiniya su leƙa jami'ar KAUST a Saudiyya, duk wanda sunka ɗauka suna ɗaukar nauyinshi, ga kuma tallafin Bankin Musulunci na IsDB da ke Jidda. 'Yan'uwa mata masu kimiyya akwai Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, na mata ne zalla daga ƙasashe irin namu, kuma ina jin takaicin yadda kaɗan daga ɗiyanmu ke nema.

In kai lakcara ne a Danfodiyo ko jami'ar jiha ko kwalejin Shehu Shagari ko foli ta Umaru Ali Shinkafi, ƙofarka ta kusa TETFund ce, asusun gwamnatin tarayya na tallafa ma manyan makarantu. Ba kai ke nema da kanka ba, makarantarka ke tura sunanka, sai kana malamin koyarwa a makarantar gwamnati, da admishan a hannu, kuma za ka sa hannu kan yarjejeniyar dawowa ka yi aiki. Daga Janairun 2025 sun dakatar da tura sabbin mutane waje saboda tsadar dala da waɗanda ke zuwa su ƙi dawowa, sunka maida hankali ga karatun cikin gida. A nan ne kuma mutane ke ruɗewa: mataimakin malami na jami'o'inmu, wato GA, ɗaukar aiki ne, sai an buɗe gurbi, galibi mai fas kilas ko tu-wan mai ƙarhi. Ba a ba ka shi don ka yi rajistar PhD. Na Amurka kuwa ɗalibta ce ke jawo shi, ranar da ka bar karatu ranar aikin ke ƙarewa.

Wanda ya riga ya yi rajista a gida kada ya ce ya makara. Commonwealth na da tsarin raba karatu, ka yi wata 12 a Ingila ka dawo ka ƙarasa a jami'arka. Fulbright, tallafin gwamnatin Amurka, ma na kai masu PhD na gida Amurka su yi bincike na shekarar karatu ɗaya. Kuma akwai wani reshe nata, FLTA, da ke ɗaukar matasan malamai su je su koyar da Hausa a jami'o'in can. Wanga ba digiri ake ba ka ba, amma shekara guda kana cikin aji kana sanin farfesoshi, ba ƙaramar ƙofa ba ce ga ɗan sashen harsuna.

Yanzu batun TA, wanda ni nake ganin shi ne hanyar talaka, don ba ya buƙatar ka san kowa. Abin da ya kamata ka gane, sashe ke bayar da shi ba babban ofishin jami'a ba, kuma sashe na ɗaukar mataimaka ne gwargwadon yawan 'yan ajin farko da ke gare shi. Shi ya sa lissahi da kimistiri da fiziks da bayoloji kullum suna neman hannu, ajin mutum ɗari uku farfesa ɗaya ba ya iyawa, amma ƙaramin sashe mai ɗalibai kaɗan ƙila gurbi biyu ne duk shekara. To shiga shafin sashen, nemi inda sunka yi maganar kuɗi, in ba su fayyace ba tura imel gajere ga mai kula da manyan ɗalibai ka tambaya ko duk wanda anka ɗauka PhD ana ba shi tallafi, shekara nawa, kuma baƙo na shekarar farko na iya samun TA. A cikin imel ɗin nan ka roƙi a yahe maka kuɗin fom, wasu na yahewa, ba abin kunya ba ne.

Inda namu ke faɗuwa shi ne Turancin baki. Takardar da jami'arka ta ba ka cewa da Turanci ka yi karatu tana iya wadatarwa ga admishan a wasu wurare, amma tsayawa gaban aji daban ne, da yawa sai sun ga makinka na ɓangaren magana a jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, ko su yi maka nasu gwajin in ka iso, in ba ka ci ba sai a hana ka aji sai ka yi kwas. Ba wai ba mu iya ba, saurinmu da lafazinmu ne kunnensu bai saba da shi ba. Ɗauki waya ka naɗi kanka kana bayanin darasi na minti biyar, ka saurara, ka sake, kullum har wata biyu. Sannan koyarwar da ka taɓa yi kada ka raina ta. Ka koyar a sakandare lokacin bautar ƙasa, ka yi lesin, ka riƙe aji a Islamiyya shekara uku, duk rubuta su da adadin ɗalibai da darasin da ka koyar, kuma cikin masu rubuta maka wasiƙar shaida a samu ɗaya da ya taɓa ganinka riƙe da alli.

In Allah ya sa takardar tayi ta zo, yi murna amma zauna ka karanta ta da biro. Shekara nawa anka lamunce? Albashin na wata 9 ne ko 12, don da yawa ba sa biyan hutun tsakiyar shekara, kuma haya ba ta hutu. An yahe kuɗin makaranta, to ƙananan kuɗaɗen rajista da inshorar lahiya fa, wa ke biya? Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 a sati ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma TA ɗin yawanci shi ne ke cinye awa 20 ɗin, kenan ba wani aikin gefe da za ka ƙara. Mai iyali ya lura da kyau, matar da ta biyo ka da bizar F-2 ba ta da izinin aiki, albashin nan ɗaya shi zai riƙe ku duka, kuma sai ka nuna ƙarin kuɗi kafin a ba ta takardar I-20, wadda jami'a ke bayarwa don neman biza. Jami'o'in Amurka da yawa sun amince ba za su matsa maka ka amsa tayin kuɗi kafin 15 ga Afrilu ba, don haka kada ka yi gaggawa in kana jiran wata amsar.

Kuma cancanta ba ranar shiga take ƙarewa ba, duk shekara ana sake dubawa. Sai kana cikakken ɗalibi, makinka bai sauka ƙasa da 3.0 cikin 4.0 ba a mafi yawan wurare, ka ci jarrabawar cancanta da ake yi ma ɗaliban PhD a kan lokaci, ɗalibanka ba su yi ta kai ƙararka ba. Na san wanda makin takardu ya cinye mishi dare har nashi karatun ya yi rauni, da ƙyar ya tsallake. In aiki ya wuce awannin da anka rubuta, faɗa ma shugaban sashe da wuri cikin ladabi, kada kunya ta sa ka yi shiru.

Wanda koyarwa ba ta dame shi ba ya duba Jamus da Holan da Suwidin da Nowe, can PhD sau da yawa aiki ne da ake talla kamar kowane aiki, da albashi, sai dai galibi sai da mastas mai bincike da ya dace da aikin.

Lokaci kuma. Mai son fara karatu a Amurka watan Agusta, fom na rufewa tsakanin Disamba da Janairu na kafin nan, Commonwealth wajen Oktoba, kenan tun damina za ka nemi tiranskirif, don kowa ya san ba a kwana biyu yake hita ba, wasu jami'o'in ma sai WES, ƙungiyar da ke duba takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance shi. Fasfo, jarrabawar Turanci, da sanar da malamanka aƙalla wata biyu kafin ranar rufewa. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya suna ta canzawa 'yan shekarun nan, duba shafin ofishin jakadancinsu ka ga halin da ake ciki kafin ka kashe ko naira, kuma kada ka zuba ƙwanka duka a ƙasa ɗaya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka feloshif, ɓarawo ne, ba a sayen shi.

Ƙanen nawa na Mabera munka zauna da takarda munka ja layi huɗu, sunan tallafi, wa ya cancanta, mi ake buƙata, ranar rufewa. Daga goma sha biyu da ya tara biyar sunka rage, biyu TA a sashen kimistiri, da DAAD, da KAUST, da Commonwealth. Ya riga ya nemi tiranskirif, kuma duk dare bayan isha'i shina turo min sautin darasinshi na minti biyar in saurara in gyara mishi.