Shirin Kai Matasan Gida Hutu Faris Daga Kano

1. Ku fara da fasfo. Dole ya zama yana da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar da za ku baro Turai, da shafi biyu babu komai. A nan ake yawan tuntuɓe, domin fasfon yaro yakan ƙare babu wanda ya lura.

2. Nemi bizar Shengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, da wuri. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiyar. Wanda ya kai shekara 12 kuɗin babba zai biya, Yuro 90. A haɗa takardar haihuwar kowane yaro da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000. Idan mahaifiya ce kaɗai za ta tafi da su, sai da takardar amincewar mahaifi.

3. Sayi adafta tun a Kano. Cajarmu mai baki uku ba ta shiga soket ɗin Faransa.

4. Gidan tarihi na Louvre kyauta ne ga wanda bai kai 18 ba, amma ranar Talata a rufe yake.

5. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, waya ta koma aljihun gaba, saboda 'yan sane. Kowane yaro ya riƙe adireshin masauki a rubuce.