Kurakuran da sababbin magidanta ke yi a lissafin kuɗin gida

Na gaji da ganin samarin da suka yi aure bara ko bana suna maimaita abu ɗaya: albashi ko ribar wata ta shigo, a ware kuɗin haya da na cefane, abin da ya rage kuma a ɗauka rara ce. Kafin 20 ga wata an koma ana rubuta bashi a littafin mai shagon unguwa.

Babban kuskuren shi ne tsayar da lissafi a kan wata guda, alhali a Maraɗi farashin hatsi da shekara yake tafiya. Gero da dawa da wake suna araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sannan su yi ta hawa har su ƙure tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbunan ƙauye suka yi ƙasa. Magidancin da ke awon tiya ɗaya ko biyu kullum yana ganin kamar sauƙi ya samu, amma shi ne ke saye a farashi mafi tsada, kuma a watannin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ga kuɗin likita ga na magani. Wata damina irin wannan ce ta raba ni da babur, shi ya sa ba na sassauta magana a nan. Abin da nake yi yanzu shi ne in ƙidaya tiyar da gidana ke ci a mako, in ninka sau 52, in raba da 40, domin buhun gero mai kilo 100 yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka; abin da ya fito shi ne yawan buhunan da zan saya da kaka. Wake kuwa a buhun PICS mai ninki uku nake ɗaure shi saboda ƙwari. Matsalar ita ce Oktoba ɗin nan ne kuma yara ke komawa lakwal, wato makaranta, don haka nake shiga adashe tun farkon shekara, in roƙi uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo da kaka. Wasu sun fi son ajiya a banki, ni dai na san hannuna.

Na biyu shi ne biki. Malam, a garin nan kake zaune kana ji kana gani, ka ce suna da aure da gaisuwar rasuwa ba sa cikin lissafinka? Gudummawar da aka kawo wa matarka ranar suna bashi ce, za a mayar, sau da yawa ma da ƙari, kuma idan ba ka ware mata kaso ba, daga kuɗin cefane za ta fita, kai kuma ka zo kana faɗa miya ba nama. Ka zauna da ita ku lissafa bukukuwan da ke gaba, domin ta fi ka sanin su. Haka ma azumi da ɗinkin salla da ragon layya, waɗanda ke matsowa da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara: duk wanda ya ce sun zo masa ba zato, sakaci ya yi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Kuɗin wutar NIGELEC na Janairu ba ma'auni ba ne, da na Afrilu da Mayu ake tsara lissafi, lokacin da fanka ba ta hutawa. Niƙa da kabu-kabu da katin waya da gawayi ko gas, a rubuta su ko da dala 20 ce, wato sefa 100. Mai sayayya ta Jibiya ko Katsina kuwa ya mayar da naira sefa a ranar da ya saya kafin ya shigar a littafi, saboda canjin ba ya zama wuri ɗaya.