Kurakuran da ke sa maƙwabtan daji juya wa yawon buɗe ido baya: misalin Yankari

An keɓe dajin Yankari da ke Alkaleri a jihar Bauchi tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma gonaki da rugage sun kewaye shi. Ma'aikata komai yawansu ba za su iya tsare daji irin wannan ba sai da yardar maƙwabtansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama tsara komai a ofis, sannan a je fadar hakimi a sanar. Wannan sanarwa ce, ba shawara ba. Ardo da sarkin baka da mata masu itace su suka fi kowa sanin dajin, kuma ba kowa ke iya buɗe baki a zauren dagaci ba. A zauna da kowane rukuni daban, matan a cikin gida tare da mace 'yar'uwarsu, kada kuma a sa taro ranar kasuwa ko lokacin shuka.

Babbar matsala ita ce giwa. Garke guda kan iya tattake gonar masara a dare ɗaya, ana dab da girbi. Manomin da aka bari da wannan hasara ba zai tona asirin mafarauci ba, ko da ya gan shi da bindiga. Kowane ƙauyen bakin daji na buƙatar mutum biyu ko uku masu waya da tocila mai ƙarfi, da lambar da za a kira a amsa cikin dare. A zagaye gona da igiyar da aka shafa wa dakakken barkono da baƙin mai, a riƙa sabunta shafin bayan ruwan sama, domin ruwa na wanke shi. A Kenya ana rataye amyoyi a tazarar mita 10, a haɗa su da waya. Giwa na gudun ƙudan zuma, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Amma amyar da zuma ba ta shiga ba ba ta korar giwa kamar mai zuma a ciki.

Sai alkawarin baki. Idan an ce ƙauyuka za su samu rabo daga kuɗin shiga, a rubuta kaso nawa ne, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Baƙi sun fi zuwa da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina ciniki kan ja baya, don haka kada a sa ɗan jagora ya saki gonarsa.