Yadda za ka kai iyalinka bakin teku da duwatsun Togo daga Yamai

A watan Agustan 2022 na ɗauki uwargida da yaranmu uku da Inna a cikin tsohuwar Toyotata, muka bar Yamai bayan sallar asuba. Kwana goma sha biyu muka yi. Tun da muka dawo abokai ke tare ni da tambaya, yaya aka yi, nawa aka kashe, yara ba su wahala ba? Ga abin da nake gaya musu.

Fara da maganar iyaka, don ita ce ta canja. Mu ta gadar Gaya muka ƙetara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin da motarmu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar, mutane suka koma ƙetare kogin da jirgin ruwa. Saboda haka kafin ka sa rana, je tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar a satin nan, su ne ke da labarin gaskiya. In mota ba ta wucewa, ku hau jirgin sama zuwa Lome, can ka yi hayar mota da direbanta, ka bi sauran abin da zan faɗa.

Lokaci: ni Agusta nake ba kowa shawara. Yara suna hutun lakwal, kuma a bakin tekun Benin da Togo ruwan sama yakan ɗan tsagaita a watan, gari ya yi sanyi-sanyi. Duwatsu sun yi kore shar, magangarun ruwa sun cika. In ka je a Disamba ko Janairu, hazon hunturu zai biyo ka har can, ka hau dutse ka rasa abin kallo.

Takardu kuwa, ka tara su a jaka guda: katin shaida ko fasfo na kowa, takardun haihuwar yara, katin rigakafin shawara, lasin tuƙi, takardun mota. Je wurin masu inshorarka ka ce su ba ka takardar da ke aiki a Benin da Togo. A duwan, wato kwastan, za su rubuta wa motar takardar shiga, kada ka yar da ita, za a neme ta ranar fita. Kuɗi ba matsala, sefa ɗaya muke kashewa. Sai dai ka nemi canji da yawa, 'yan jika-jika da ɗari biyar-biyar, saboda kuɗin hanya da sayayyar bakin titi.

Daga Yamai zuwa Kwatano ya ɗan haura kilomita 1,000. Kada ka ce za ka cinye shi a yini ɗaya kamar 'yan bas. Mun bi Doso, Gaya, Kandi, muka kwana a Paraku. Kashegari muka wuce duwatsun Dasa, muka shiga Kwatano da la'asar. Doka ɗaya na kafa wa kaina, ban karya ta ba: rana na faɗuwa, mota na tsayawa. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa sun cika hanyar, wasu na lalacewa a tsakiyar titi, alamarsu kawai ganyen da aka zuba a kan kwalta. A arewacin Benin kuma kada ka saki babbar hanya ka nufi wajen gandun namun daji na W, akwai matsalar tsaro. Man da ake sayarwa cikin kwalabe a gefen titi ya fi araha a lokacin, amma ni gidan mai nake shiga, ba na caca da inji ina ɗauke da tsohuwa da yara.

Kwatano ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya, cunkoson 'yan babur zai gajiyar da kai. Yi yamma. Kilomita 40 ne zuwa Wida, inda aka gina Ƙofar da ba a dawowa a 1995, a bakin ruwan da a da ake loda bayi zuwa ƙasashen Amurka. Can Inna ta fara ganin teku. Ta cire takalmi, ta tsaya riƙe da carbinta, iska na kaɗa mayafinta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta juyo ta ce, "Ɗan nan, wannan ruwa ina ƙarshensa?" Na ce, "Inna, sai Allah." Ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce lallai da gaske gishiri ne. Ita da aka haifa a Tawa, ta girma tana jan guga a rijiya mai gaba ashirin.

A nan zan ja kunnenka sosai. Tekun nan ba kogin Kwara ba ne. Igiyar ruwa tana bugowa, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, har wanda ya iya iyo tana cinye shi. A Garan Popo autarmu, mai shekara biyar a lokacin, tana wasa inda ruwa bai wuce idon sawu ba, sai wata igiya ta kayar da ita ta fara mirgina ta. Da ba don hannun yayanta na riƙe da rigarta ba, ban san me zan faɗa yau ba. Uwargida ta kwana ba ta runtsa ba. Daga ranar, yaro ba ya taɓa ruwa sai hannunsa na cikin na babba. In suna son wanka, kai su wurin kwana mai kwamin iyo, ko ka tambayi masunta inda ruwa ke kwance. Su sun sani, kuma ba sa rowar faɗa. Ka tashi da sassafe ku ga yadda suke jan koma, mutum ashirin ko fiye a igiya ɗaya suna waƙa, ka sayi kifi nan take a gasa muku.

Daga Garan Popo iyakar Togo ba nisa. Kana shiga ka mai da agogonka baya da awa ɗaya, ka nemi lokutan salla na garin. Aneho, sai Lome. Abinci kada ya dame ka: tambayi zango a kowane gari, za ka sami masallaci, mai tsire da mai shayi suna Hausa. A sauran wurare ka tambayi irin naman kafin a zuba, don ana cin alade a kudu.

Daga Lome zuwa Palime kilomita 120 ne, kuma can ne zan ce ka zauna kwana uku. Dutsen Agu, mai tsawon mita 986, shi ne mafi tsawo a Togo. Hanyar hawansa siririya ce, tana nannaɗewa cikin gonakin koko da kofi da ayaba, ƙauyuka a manne jikin dutse. Yarana sun sha shayin koko tun suna ƙanana, amma ranar suka fara ganin ɗansa yana fitowa daga jikin kututture. Wani manomi ya fasa musu guda, suka tsotse farin abin da ke lulluɓe da ƙwayar, zaƙi da ɗan tsami. Ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, ku yi ciniki tun kafin a tashi. Magangarar ruwa ta Wome tana da matakala masu yawa da santsi, don haka Inna ta zauna a sama da uwargida suna cin abarba, mu muka sauka.

Mu 'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu saba da gangara ba. Ina saukowa daga Agu ƙafata na kan birki, sai na ji ƙauri, birkin ya fara laushi. Na samu wuri na tsaya rabin awa har ya huce. Sa mota a giya ta biyu, ko ta ɗaya in gangarar ta yi tsanani, ka bar inji ya riƙe ta, birki kana ɗan taɓawa kana saki. Yi oda kafin kowace kwana. Kafin barin Yamai ma ka sa bakanike ya duba birki da tayoyi. Yara kuma kada a cika musu ciki kafin hawa, a ajiye leda da lemun tsami kusa, a buɗe gilashi. Ku zo da rigunan sanyi da gidan sauro.

Komowa ba sai ka maimaita hanya ba. Mun bi Atakpame, Sokode, muka ratsa tsagin dutsen Alejo inda titi ya bi ta tsakiyar fasasshen dutse, muka kwana a Kara. Daga nan muka ƙetara Benin zuwa Jugu, garin da fataken Hausa ke yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Da na gaya wa Inna haka, ta ce a tsaya a kasuwa. Ta sayi goro, ta ƙulle shi cikin ganye, ta haɗa da kwalbar ruwan tekun da ta ɗebo a Wida don ta kai wa ƙawayenta a Tawa su ɗanɗana.