Yadda Matashi Zai Fara Koyon Harbin Farantin Laka a Saudiyya

Matasanmu na Jidda da Makka da Madina sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa, alhali harbin farantin laka, wato harbo ƙaramin faranti da inji ke cillawa sama da bindiga, na cikin wasannin da suka fi ɗaga sunan maƙwabtanmu a gasar Olamfik. Ahmad Al-Maktum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004, Fahid Al-Daihani na Kuwaiti ya ci nasa a Riyo a 2016. Wanda ya fi dacewa mai koyo ya yi nazarinsa, a ganina, shi ne Abdullahi Al-Rashidi, shi ma ɗan Kuwaiti, wanda ya zama zakaran duniya a 1995 da 1997 da 1998, amma bai samu lambar Olamfik ba sai a 2016, yana da shekara sama da 50, sannan ya ƙara wata tagullar a Tokiyo. Wannan wasa ne na ido da natsuwa, shi ya sa shekaru ba sa saurin korar mutum daga cikinsa.

Kada ka fara da neman bindiga. Mallakar makami a Saudiyya sai da lasisi, don haka ka nemi filin harbi mai rajista ta hannun Hukumar Wasan Harbi ta Saudiyya, inda za ka yi amfani da bindigar wurin a gaban mai horarwa. Abin da zai fara koya maka shi ne ladabin fili: bindiga tana kasancewa a buɗe, babu harsashi a ciki, har sai ka tsaya a gurbinka, kuma ba a shiga sai da abin toshe kunne da tabarau.

Daga nan sai ka zaɓi fanni. A tirap, injina 15 ne a cikin rami mita 15 a gabanka, faranti yana fita yana nisantarka, ba ka san ɓangaren da zai bi ba. A sikit kuwa, fannin Al-Rashidi, gurabe takwas ne da ɗakuna biyu da faranti ke fitowa daga cikinsu, dogo da gajere, faranti yana gifta gabanka, kuma dole gindin bindiga ya zauna a kusa da ƙugu har sai ya bayyana, wanda kan iya ɗaukar daƙiƙa uku bayan ka yi kira a sako shi. Gwada duka biyun, amma ka tsaya a kan ɗaya, domin mai rarraba hankali yakan daɗe bai ƙware a ko ɗaya ba.

Inda aikin yake shi ne ɗora bindiga. Mai horarwa zai fara gano idon da ya fi rinjaye a wurinka, domin na-hannun-daman da idonsa na hagu ke jagoranci zai yi ta kuskure bai san dalili ba. Nauyin jiki ya ɗan karkata kan ƙafar gaba, gindin bindiga ya shiga lungun kafaɗa, kumatu ya manne da katako a wuri ɗaya kullum. Farantin faɗinsa santimita 11 ne kacal, kuma yana gudu, saboda haka duk wanda ya dubi bakin bindiga don ya saita, to a bayansa zai harba. Ka kafe faranti da ido biyu a buɗe, hannu ya bi ido, ka ja kunama bindigar tana ɗan gabansa, kuma kada ka tsayar da juyin jiki bayan ƙarar ta tashi. Yawancin masu koyo a nan suke faɗuwa, sai ka ga mutum ya ɗago kai da sauri don ya ga ko faranti ya tarwatse, harsashin kuwa ya bi ta sama.

Harsashi yana da tsada, don haka zagaye biyu na faranti 25 da aka yi da hankali sun fi biyar na gaggawa. Ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta gurbin da ka yi kuskure a kowane zagaye, ka nuna wa mai horarwa. A lokacin zafi ka nemi atisayen sassafe, ka tafi da ruwa isasshe. A gasar Olamfik faranti 125 ake harba kafin zagayen ƙarshe, kuma kuskure biyu ko uku kan hana mutum kaiwa can, don haka tun yanzu ka saba wa kanka da manta farantin da ya wuce kafin ka kira na gaba.